Sarkin Hanya Tunau da Hanyar Gishiri

Wanda duk ya hau tsaunukan Marandu a yau ba zai tarar da kowa ba sai birai da makiyaya masu wucewa. Amma in ya ɗaga kai zai ga katangun dutse hawa-hawa, tun daga gindin tsauni har inda ido ke gajiya, ya san an yi mutane a nan. An kuwa yi su. Tsofaffi in za su ba da labarin Marandu sai sun fara jan numfashi, domin ƙaramar ƙasa ce da ta daɗe ba ta durƙusa wa kowa ba, har zuwa zamanin Sarki Ranau.

Allah bai ba su fili ba, bai kuma ba su kogin da kwalekwale zai bi ba. Ta arewa ƙasar Sangaru ce, masu dawakai da gishiri. Ta kudu Tawari ce, masu auduga da saƙa. In ka cire acca da zuma, duk abin da zai shiga bakin mutumin Marandu ko ya hau jikinsa sai ya ratsa ƙasar wani. Abin da suke tinƙaho da shi tama ce, kuma ƙarfen da maƙeransu ke fitarwa babu irinsa. Saboda haka dabarar sarakunansu ɗaya ce tun kaka da kakanni: in an aika wa Sangaru sandunan ƙarfe, a aika wa Tawari daidai su, a yi wa kowa fara'a iri ɗaya, kada a jingina da kowa.

Ƙofofin ƙasar biyu ne. Ta kudu ita ce Bakin Kwari, mai faɗi, jakuna goma na iya jerawa. Ta arewa ita ce Hanyar Gishiri, wadda ta manne a jikin tsauni tana leƙen kwazazzabo. A wani wuri da ake kira Wuyan Tulu ma babu wurin sa ƙafa sam, sai da wani magini ya taso da katanga tun daga cikin kwazazzabon, ya cika bayanta da tsakuwa, har jaki mai kaya ya iya wucewa ta kanta. Shekara goma sha biyu ya yi yana wannan gini, babu laka babu itace, dutse ne kawai ke riƙe da ɗan'uwansa. Kafin nan gishiri a kafaɗa yake hawowa, kuma gidan da ya samu ɓoye shi yake yi kamar magani.

Ɗan wannan maginin shi ne Tunau, wanda ya gaji sarautar Sarkin Hanya. Tsoho ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya sai in ya ga gini mai kyau. Doka ɗaya ubansa ya bar masa, cewa dutse ba ya kwana a kan hanya. Wanda ya gan shi ya ɗauke, in ya fi ƙarfinsa ya kira ƙauye a yi gayya, ko da ango ne ranar aurensa. Shekara talatin Tunau yana tsare wannan doka, har ya taɓa sauke wani basarake daga kan jakinsa ya sa shi ya ture dutse a gaban matansa. Ta kai mutanen Marandu ko a ƙasar wasu suke tafiya sai ka ga sun sunkuya suna kawar da duwatsu, ana yi musu dariya a kasuwanni, su ko a jikinsu.

A shekara ta bakwai ta sarautar Ranau, gab da faɗuwar damina, jakadan Sarkin Sangaru ya hawo da rakiyar mutum goma. Ya faɗi ya yi gaisuwa kamar mai ladabi, sannan ya isar da saƙo mai ɗaci. Ubangidansa na shirin yaƙar Tawari, don haka daga yau ƙarfen Marandu ba zai sauka kudu ba ko da na allura ne. In an yarda, gishiri zai ci gaba da hawowa. In an ƙi, Sarkin Sangaru zai zo da kansa ya ga maƙerun da ake yi masa rowa.

Aka sallami jakada zuwa masauki, Sarki ya tara majalisa a zauren dutse. Galadima Jatau ne ya fara magana, mutum mai sanyin murya wanda uwarsa 'yar Sangaru ce. Ya ce a bi a hankali, a ba su abin da suka nema na shekara ɗaya, domin ƙasar da ba ta da gishiri ba ta da bakin yin gardama. Sarkin Baka Nomau, shugaban mayaƙa, bai bari ya rufe baki ba.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Nomau. "Ranar da muka zama maƙeran Sangaru, ranar muka zama abokan gabar Tawari, kuma wanda ya cinye Tawari da ƙarfenmu ba zai koma gida da yunwa ba alhali muna kan hanyarsa. Kakanninmu ba don ƙarfi suka tsira ba, don ba su zaɓi ɓangare ba ne. 'Yan bakana ɗari tara ne. Ba su isa tsare ƙofa biyu ba, amma sun isa tsare ɗaya."

Sarki ya tambaya ɗayar fa. Nomau ya juya ya dubi inda Tunau ke zaune, sauran majalisa ma suka juya. Shawarar a fili take. A rushe Wuyan Tulu. Rundunar Sangaru ta zo gindin tsauni ta tarar babu hanya, dole ta zagaya tafiyar kwana goma sha biyu zuwa Bakin Kwari, ta iso a gajiye cikin ruwa da taɓo, ta tarar da kibau na jira.

Tunau ya ji kamar an ce ya haƙa kabarin ubansa ya watsar. Ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni bawan hanya ne, ban san yaƙi ba. Amma katangar nan in ta faɗi, babu mai tayar da ita a zamaninmu. Waɗanda suka san yadda aka aza gindinta duk sun mutu. Yaƙi wata ɗaya ne ko biyu, gishiri kuwa na kullum ne."

"Na ji, Sarkin Hanya," in ji Sarki Ranau, "kuma ban raina aikin mahaifinka ba. Amma gara jikokinmu su ci miya lami a gidajensu da su ci mai gishiri a gidan bauta. Ka je ka zare gindinta, ta sauka cikin kwazazzabo. Da hannunka nake so, don kai kaɗai ka san inda ranta yake."

A kwanakin ne ƙudan zuma suka yi ta tashi daga amya a ƙauyukan arewa ba tare da an taɓa su ba. Aka kira bokan fada, ya yi 'yan zane-zanensa a ƙasa, ya ce a tsare baki. Wannan kowace tsohuwa za ta iya faɗa ba tare da an ba ta zakara ba, amma ta zo daidai da abin da ke zuciyar Sarki, don tun ranar majalisa yake kallon Galadima da gefen ido. Sarki ya ce in labari ya sauka wurin fatake, Sangaru za su miƙe kudu kai tsaye su riga damina isowa. Saboda haka ya rantsar da majalisa cewa ba za a yi shela ba, ko matar mutum kada ta ji. Tunau ya buɗe baki ya ce to dokar hanya fa, mutane za su ga an toshe. Nomau ya yi dariya ya ce duk namijin da zai iya ɗaga dutse yana Bakin Kwari riƙe da baka, wa ya rage? Tunau ya haƙura, don shi ma a lokacin gani ya yi maganar ta zauna.

Aka mayar da jakada da amsa mai laushi wadda ba ta ce e ba. Aka busa ƙaho, maza suka gangara kudu. Tunau kuwa ya nufi arewa da ma'aikatansa shida, kowa da daginsa na ƙarfe a kafaɗa.

Ƙauye na ƙarshe kafin Wuyan Tulu shi ne Gangare, kuma a nan yayarsa Tarana take, ita ce Magajiyar matan yankin. Ta girme shi da shekara biyar, kuma har gobe ba ta yarda ya girma ba. Tana yarinya ta yi wa ubansu dakon duwatsun katangar nan, tabon yana kafaɗarta. Ta tare shi da kunun acca, ta dubi ƙarafan, ta ce ina zuwa haka ana shirin yaƙi. Ya ce duba hanya za su yi. Ta ce ya duba da kyau, don tun da ya fara furfura idonsa ya rage, kwanan baya ma ita ta kawar da wani dutse da ya wuce. Ya so ya faɗa mata, rantsuwa ta riƙe shi, ya ajiye ƙwarya ya yi sallama.

Da suka isa, ya sauka da igiya har gindin katangar. Ya san duwatsu uku da in aka zare su komai zai biyo baya, ya kuma san aikin kwana biyu ne cur ga mutum bakwai, don ubansa bai yi ginin wasa ba. Ya dafa na farko ya daɗe a tsaye. Ya tuna ranar da jakin farko ya ƙetare, yana yaro a kan wuyan ubansa, mata na guɗa, aka fasa mangul ɗin gishiri aka ba kowa ya lasa. Sai zuciya ta fara kawo masa dalilai, kuma zuciya in tana son abu ba ta rasa hujja. Ai abin da Sarki ke so a toshe hanya ne. In aka gangaro da duwatsu daga sama aka binne ta, doki ba zai wuce ba, mutum ba zai wuce ba, bayan yaƙi kuma a yi gayya a buɗe.

Haka ya yi. Ya hau da mutanensa saman tsaunin, suka yi yini uku suna turo manyan duwatsu har Wuyan Tulu ya ɓace a ƙarƙashin tari mai tsayin ɗaki biyu. Katangar ta ɗauki nauyin ko gezau ba ta yi ba, kuma Allah ya sani, Tunau ya ji daɗin hakan. An yi ruwan farko a makon, don haka duk wanda ya ji rugugi a Gangare ya ɗauka zaftarewar tsauni ce irin ta kowace shekara. Bai koma ta ƙauyen ba, ya bi ta bayan dutse don kada ya haɗa ido da Tarana. Da ya isa Bakin Kwari Sarki ya tambaye shi ko an gama, ya ce hanya ta toshe, ranka ya daɗe. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba.

Kwana goma sha huɗu bayan haka, da hantsi, masu tsaro suka hango Sangaru suna shigowa kwarin. Nomau ya ɓoye 'yan bakansa a bayan katangun gonaki, hagu da dama, ya hana kowa motsi sai da dawakan gaba suka nutse cikin taɓo har gwiwa. Sannan aka buga kuge. Kibau masu dafi suka sauko ta gefe biyu, dawakai suka yi ta faɗuwa suna danne mahayansu, na baya suka ture na gaba. Sau biyu dakarun ƙasa na Sangaru suka haɗa garkuwa suka taso wa gangaren, sau biyu aka mirgino musu duwatsu. Kafin rana ta take tsaka sun juya, samarin Marandu suka bi su suna kora har can bakin daji.

Aka yi ta kirari. Galadima Jatau, wanda ake zargi, shi ne ya dawo da sara a goshi da mashi a karye, Sarki ya rungume shi a gaban jama'a. Amma Nomau ya zagaya filin yana duba gawarwaki, fuskarsa ba ta saki ba. Ya ce waɗannan ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na Sangaru ba, kuma bai ga tambarin sarkinsu ba. Aka kawo wani barde da aka kama, dattijo mai karyayyen hannu, Sarki ya tambaye shi ina ubangidansa.

"Yana inda muka bar shi, a gindin Hanyar Gishiri," in ji barden. "Da muka ga an toshe, har ya ba da umarnin a tashi. Sai wani tsohon falke ya faɗi gabansa ya ce, Zaki, kada ka wahalar da dawakanka. Shekara arba'in ina kai wa mutanen nan gishiri, ba sa iya ganin dutse a kan hanya su yi barci. Ka zauna, su da kansu za su share maka. Shi ne ya turo mu nan don mu riƙe ku, shi kuma ya kafa sansani yana jira."

Wasu suka yi dariya. Sarki ma ya yi murmushi ya ce to zai daɗe yana jira, don ba a share abin da ke cikin kwazazzabo. Ya juya wurin Tunau don ya tabbatar, sai ya ga tsohon ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Ranka ya daɗe, katangar tana nan. Binne ta na yi. Hannuna ya ƙi."

Nomau ne ya ce a hankali, kamar mai lallashin kansa, ai babu maza a arewa. Tunau ya ce babu, amma duk dutsen da ke jikin katangar nan mace ce ta kai shi wurin a kafaɗa, ubansa azawa kawai ya yi. Shekara talatin yana ganin mata a gaban kowace gayya, ranar majalisa kuwa da aka ƙirga masu ɗaga dutse bai tuna da ko ɗaya ba.

Sarki Ranau bai zage shi ba, kuma wannan ya fi yi wa Tunau ciwo. Cewa ya yi, "Hukuncinka yana gaba, Sarkin Hanya, in akwai sauran fadar da za a yi shi. Tashi ka tafi yanzu. Mu sai mun tattaro waɗanda suka bi kora, za mu biyo ka da tazarar yini ɗaya."

Tafiyar kwana uku ce, Tunau da mutanensa suka yi ta a biyu, ta hanyoyin awaki. Duk ƙauyen da suka ratsa babu kowa sai makafi da jarirai da masu renonsu. Ya tambayi wani tsoho ina mata, ya ce ai Magajiya Tarana ta aika gayya ƙauyuka tara, yau kwana goma sha biyu ke nan, tsauni ya zafto a kan hanyar gishiri. Tsohon ya ƙara da cewa da ƙafarsa na da lafiya da shi ma yana can.

Tun kafin su sha kwanar ƙarshe suka jiyo waƙar gayya, irin wadda uwarsa ke yi. Da suka ɓullo, ga Wuyan Tulu a buɗe tas. An ture manyan duwatsun cikin kwazazzabo, waɗanda suka gagara an hura musu wuta an kwara ruwa sun farfashe, an cike ramuka da tsakuwa, har shara an yi. Mata sun fi ɗari uku zaune a gefen hanya, hannaye duk a ɗaure da tsumma, wasu da goyo. Tarana ta taso tana ɗingishi, fuskarta cike da fara'a.

"Sai yanzu, Tunau? Kuna can kuna wasa da kibau, hanyar Baba ta yi kwana da kwanaki a toshe. Mun ce ba za ku dawo daga yaƙi ku tarar da abin kunya ba. To duba mana, Sarkin Hanya, in akwai gyara ka faɗa."

Tunau ya taka zuwa bakin katangar ya leƙa ƙasa. Can inda hanyar ta fara hawa, wani dogon layi yana motsi, rana na walƙiya a kan masun mayaƙa. Ya san kowane taku na hanyar nan, don haka bai buƙaci kowa ya gaya masa ba. Kafin la'asar na gaba za su iso. Rushe katanga kwana biyu ne, Sarki kuma ko ya yi sauri sai gobe.

Ya juyo ya dubi matan, duk sun zuba masa ido suna jiran abin da zai ce. Ya bi hanyar daga wannan kai zuwa wancan yana taka ta a hankali, kamar yadda ya saba yi bayan kowace gayya, sannan ya tsaya a gaban yayarsa.

"Babu gyara, Yaya. Ko Baba ne ya duba ba zai samu ba. Yanzu ki kwashe su ku hau kogunan sama, kada ku tsaya ɗaukar komai a gida. Ki aika masu sauri su tari Sarki, su ce masa ya tsaya a Gangare."

Tarana ta dube shi, ta dubi dagin da ke kafaɗarsa, sannan ta je bakin katangar ita ma ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, tambaya ɗaya ta yi masa, ko tsauni ne ya zafto da kansa. Ya ce a'a. Ta juya ta fara kiran matan ƙauye-ƙauye da sunayensu, muryarta ba ta yi rawa ba sai da ta zo kan Gangare.

Da na ƙarshensu suka sha kwana, Tunau ya ce wa mutanensa shida wanda ke son bin su ya bi, babu laifi. Babu wanda ya tafi. Suka ɗaura igiya suka sauka gindin katangar, lokacin har an fara jin tambarin Sangaru yana amsawa a jikin duwatsu. Tsohon ya soka dagi a ƙarƙashin dutse na farko, su bakwai suka haɗa ƙarfi suka danna har ƙarfen ya lanƙwashe. Dutsen bai motsa ba.